Ruwan bedi da ciwon shuka: inda yake aiki da inda ya gaza

 Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, kuma a yawancin ƙungiyoyinmu, daga Maijirgi da Korgom har Kanambakashe da Sarkin Hausa, maganar da ke gaban akwati ita ce bashin noma: wa za ta ɗauka, nawa, kuma me za ta saya da shi. Bana tambaya guda ta yi ta dawowa wurin zubi. Tun da kuɗin maganin feshi ya yi tsada, kuma rabin abin da ake kasawa ranar kasuwa ba shi da takarda balle a san abin da ke cikin kwalbar, shin ruwan bedi da na ganyen gwanda da tafarnuwa sun isa su tsare mana gamana?

Amsar ta danganta da abin da ke cin shukar. Mukan ce "ciwo ya kama gona" mu haɗa komai wuri guda, alhali ƙwaro daban, hunhuna daban. Darɓa da tsutsar furen wake ƙwari ne, ana ganinsu da ido. Hunhuna kuwa irinta ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura, iska da ruwa da ƙasa da shi kansa irin shuka ke ɗauke da su. Ita ce ke kawo burtuntuna a dawa, da baƙaƙen ɗigo a ganyen gujiya, da farin gari a ganyen kuɓewa da kabewa, da kore-koren nan da muke gani cikin ɓawon gujiyar da ta sha laima.

Bedi dai gwanin ƙwari ne. Itacen asalinsa daga Indiya yake, kuma abin da ke aiki a cikinsa ya fi yawa a ƙwallon ɗan, ganye kaɗan yake da shi. Ba ya kashe ƙwaro nan take kamar maganin kanti. Hana shi ci yake, ya hana shi girma da hayayyafa, shi ya sa mai gaggawa takan ce bai yi komai ba. Masu bincike na INRAN a Tarna, nan Maradi, sun daɗe suna gwada shi a kan ƙwarin wake, kuma awon da malaman gona suka fi bayarwa shi ne rabin kilo na garin ƙwallon bedi a lita 10 ta ruwa. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe famfon feshi, a narka ɗan gutsuren sabulu a ciki don ya manne wa ganye. Da marece ake fesawa, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma wanda aka haɗa yau yau za a yi aiki da shi. Bayan mako a sake. Wadda ba ta da famfo, tsintsiya sabuwa da bokiti suna yi, sai dai a tabbata ruwan ya taɓa ƙarƙashin ganye, can ne darɓa ke maƙalewa.

Wanga aiki yana da riba biyu a gujiya, don darɓa ce ke yaɗa kuturtar gujiya daga tushe zuwa tushe. Tsofaffinmu ba su manta 1975 ba, shekarar da wannan ciwo ya share gonakin gujiya a arewacin Najeriya da nan kudancin Nijar.

To amma a kan hunhuna ƙarfin bedi ragagge ne, kuma gara mu faɗa wa juna haka tun kafin wata ta dogara da shi ta yi asarar damina. Inda ruwan itatuwa ya fi taimakawa shi ne ciwon da ke zaune a bayan ganye, irin farin garin nan na lambu. Masu lambu a kwarin Gulbin Kaba da bakin tabkunan Tasawa suna iya gwada ganyen gwanda: kilo guda a daka, a zuba lita guda ta ruwa, a matse a tace, sannan a ƙara lita huɗu ta ruwan sabulu. Tafarnuwa ma tana da wani abu mai hana hunhuna tsiro, wanda ke fitowa sa'ad da aka daka ta, sai dai kuɗinta a kasuwa ya sa ba a fesa ta a babbar gona, sai a ƴan fangulan tumatir. Duk waɗannan rigakafi ne. Ana farawa da an ga alamar farko a ganye biyu uku, a tsinke waɗanda suka kamu sosai a ƙone. Ganyen da ya riga ya bushe babu ruwan da zai maido shi.

Kuturtar hatsi ta fi wannan wuyar sha'ani. Kun san ta: ganye ya yi fari-fari daga gindi, da sassafe a ga kamar auduga a ƙarƙashinsa, in lokacin fidda kai ya yi sai zangarniya ta fito da ganyaye maimakon tsaba. Irin ciwon yana kwana cikin ƙasa shekaru, yana shiga shuka tun tana tsiro, ya bi cikin jikinta. Abin da ya shiga ciki feshin bedi ba ya kai masa. Maganinta uku ne da muka sani suna aiki: a tuge tushen da ya kamu tun cikin watan farko a ƙone shi nesa da gona, a nemi irin da ke jure mata kamar SOSAT, a kuma cuɗa iri da maganin iri na gaskiya kafin shuka. Ƙaramin ƙunshin Apron Star mai giram 10 yana isar kilo 4 na iri. Idan ƙungiya za ta fidda kuɗi daga akwati don maganin kanti guda ɗaya tak, mu a ganinmu nan ya kamata ya tafi, a saye shi wurin mai sayarwa sananne, da takardarsa a rufe. Irin da aka cuɗa guba ne. Ragowarsa ba ya shiga tukunya, ba a watsa wa kaji, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa jariri.

Burtuntuna ma iri-iri ce. Wadda ke maida tsabar dawa baƙin gari tana bin iri ne daga bara, don haka zaɓen zangarniya mai lafiya tun a gona da cuɗa iri suna kashe mata hanya. Ta hatsi kuwa iska ke kawo ta lokacin fure, maganin iri ba ruwansa da ita.

Akwai wani bincike daga Burkina Faso da ya kamata mu ji. Masu bincike na can sun jiƙa irin dawa cikin ruwan wata ciyawa mai ƴan fararen furanni da ke fitowa a wuri mai dausayi, suka ga hunhunar da ke jikin iri ta ragu, amfanin gona ya ƙaru. Da suka bi diddigi sai suka tarar wani kaso na ribar daga jiƙon kansa ya fito, ko da ruwa ne zalla. Irin da ya sha ruwa kamar awa takwas, aka shanya shi a inuwa ya sha iska aka shuka a ranar bayan ruwan sama mai kyau, yakan riga ɗan uwansa tsirowa. Wannan ko dala ba ya ci.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafar aljihunmu da cikin ƴaƴanmu. Da yawa daga cikinmu bashin akwati a gujiya muke sa shi, mu matse mai mu soya ƙuli-ƙuli. Hunhunar da ke kama gujiya tana barin wata guba da likitoci ke kira afalatoksin. Ba ta da wari, kuma wuta ba ta kashe ta, suya ko dahuwa. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gujiya da aka kawo daga Brazil. A 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta yi hunhuna. Wanda ke cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru hanta take ci masa, har ta kai ga ciwon daji, musamman mai ɗauke da ciwon hanta tun da farko, kuma an ga tana tafiya tare da tsumburewar yara. Ƙasashen Turai ba sa karɓar gujiyar ci da gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Ku duba ƙanƙantar wannan. Kuma in an matse, mafi yawan gubar cikin tunkuza take zama, wato cikin ƙuli-ƙulin da yaro ke saye a ƙofar makaranta.

An gwada ruwan ganyen bedi a kan wannan hunhuna a ɗakin bincike, aka ga yana rage mata yin guba. Amma kwalbar bincike daban, buhu a ɗaka daban, kuma ba za mu ce wa kowa ta barbaɗa ganyen bedi a gujiya mai laima ta kwanta da sakin jiki ba. Shi kansa ƙwallon bedi in an tara shi da danshi hunhunar nan tana kama shi, don haka a wanke ɓargon, a shanya a inuwa ya bushe sarai, a aje cikin buhun da iska ke ratsawa. Abin da ke tsare gujiya sananne ne. Hunhunar tana samun ƙofa in ruwa ya ɗauke a ƙarshen damina ƙasa ta yi zafi, in gara ta huda ɓawo, ko hauya ta sare shi wurin cira. A cire da ta nuna, kada a bar ta a ƙasa tana jiran a gama hatsi. A kife tushen ƴaƴan na kallon rana, a shanya har in an girgiza ana jin ƙara. Buhu ya hau itace, kada ya jingina da bango. Irin nan 55-437 da muka saba da shi yana cikin masu ɗan jurewa, ko da yake shi ma ba ya yafe laima.

Sai tsinta, kuma nan ne gardama take. Ƙwayar da ta motse, ta canza launi, ta fashe ko ƙwaro ya huda, ita ce ke ɗauke da mafi yawan gubar, kuma ita ce ta fi araha a kasuwa. Mai matsar mai da ke lissafin biyan bashi da riba ƙarshen wata, in aka ce ta zubar da rabin tiya cikin kowane buhu, za ta ce wa zai biya ta. Tambayarta daidai ce. Ba a ba yara tsintar, ba a ba akuya mai nono don gubar tana fita a nonon, ke nan asara ce tsantsa. Mace guda ba za ta ɗauke ta ita kaɗai ba alhali maƙwabciyarta na sayar da ƙuli mai araha. Ƙungiya kuwa tana iyawa. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, abin da ya riƙe mu shi ne dokar da muka sa wa kanmu da bakinmu, kamar tarar makara da ranar biya. Za a iya ƙara guda: gujiyar da aka saya da kuɗin akwati sai an tsince ta a gaban mata biyu, a sayi buhunan tare lokacin kaka da take da araha da kyau, a kuma ɗan sassauta wa masu matsa kwanakin biya. Mai saye in ya san ƙulin ƙungiya kaza tsintacce ne, yakan dawo.

Gargaɗi kaɗan, tun da abin da ya fito daga itace ba duka ne lafiyayye ba. Ruwan taba yana kashe ƙwari, yana kuma shiga jikin mutum ta fata. Mai ciki da mai goyo su nisance shi, kuma kada a fesa shi a ganyen miya. Man bedi ba a ɗura wa jariri, ya sha halaka yara ƙanana. Turmin da aka daka ƙwallon bedi a ware shi, in ba haka ba fura za ta yi ɗaci mako guda kuma maigida zai tambaya.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya bana. A gonar ƙungiya ko gamanar wadda ta yarda, a ware kunya goma a fesa musu ruwan bedi kowane mako tun daga fure, a bar goma kusa da su ba feshi, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya. Sakatariya ta rubuta ranakun feshi a bayan littafin zubi. Da kaka a auna kowane ɓangare da tiya guda, a aiko mana da lissafin tare da sunan gari da irin da aka shuka, ko ya yi kyau ko bai yi ba, za mu buga su gefe da gefe a fitowar bayan girbi.