Katsina United Da Canjin Koci: Jama'a Na Da Haƙƙin Sani

Sau biyu tun daga 2016 Katsina United ta hau gasar Firimiya ta Najeriya daga rukuni na biyu, kuma duk sau biyun wanda ya hau da ita bai daɗe a kujerarsa ba. Bala Nikyu ne ya kai ta a 2016. Kakar 2017 ba ta kai ƙarshe ba aka raba gari da shi, daga baya Abdullahi Biffo ya karɓa. A 2022 ƙungiyar ta faɗo, ita da Kano Pillars da Heartland da MFM. Usman Abdallah ya riƙe ta a gasar 'yan dagaji har zuwa wasannin ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba a tsakiyar 2023, inda ta samu gurbin komawa sama. Da aka buɗe sabuwar kaka, Tony Bolus ne a benci.

Usman Abdallah kuwa ba ɗan koyo ba ne. Shi ya kai Enyimba wasan kusa da na ƙarshe a gasar Kofin Confederation ta Afirka a 2018, ya kuma ci mata gasar ƙasa a 2019. Mutum irin wannan in ya bar ƙungiya 'yan makonni bayan ya cika aikin da aka ɗora masa, dole a yi magana. An kuwa yi ta. Wanda duk ya saba zama a teburin mai shayi a Batsari ko Safana ya san yadda ake yi idan kujerar koci ta zama babu kowa. Wannan ya ce kuɗi ne, wancan ya ce an samu saɓani da manya, na ukun ya rantse cewa ɗan uwansa da ke aiki a Katsina ya ga wane yana shiga ofis da takardu a hannu. Kafin a sha kofi biyu an naɗa mutum huɗu, an sauke uku.

Wannan jarida ba ta ga laifin masu wannan hira ba. Raɗe-raɗin wanda zai gaji koci wani ɓangare ne na daɗin ƙwallo a ko'ina cikin duniya, kuma matasan da suka sha wahalar da yankin nan ya sha sun cancanci abin da za su yi gardama a kansa ba tare da an zubar da jini ba. Abin da ya dame mu shi ne abin da suke da shi a hannu lokacin da suke gardamar.

A gwada da abin da waɗannan matasa suka kalla a gidajen kallon ƙwallo a 2024. Ranar 26 ga Janairu Jurgen Klopp ya fito da bakinsa ya ce zai bar Liverpool a ƙarshen kaka, ya kuma faɗi dalili: ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Wata huɗu cur aka yi ana hasashe. Aka daɗe ana kiran sunan Xabi Alonso, har shi ma ya fito a ƙarshen Maris ya ce yana nan a Bayer Leverkusen. A watan Mayu aka tabbatar da Arne Slot daga Feyenoord, kuma a kakarsa ta farko ya ɗauki kofin Firimiyar Ingila. A duk tsawon wannan lokaci, yaron da ya biya kuɗin shiga gidan kallo a Runka ko Wagini ya san shekarun da suka rage a kwantiragin kowane ɗan takara, ya san irin wasan da kowannensu ke so, ya san wa ke da alhakin zaɓe a ƙungiyar. Gardamarsa tana da ƙafa. To a tambaye shi shekara nawa aka rubuta wa kocin ƙungiyar jiharsa, ko me aka ce ya cim ma kafin a sabunta masa, sai ya yi shiru ko ya ƙirƙira. Garin da ke da nisan dubban kilomita ya fi buɗe masa ƙofa a kan Katsina, wadda mota ke kai shi cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Ga shi kuwa Liverpool ba ta taɓa cin ko sisinsa ba, sai abin da ya ba mai janareta. Katsina United ta gwamnatin jiha ce, kamar yawancin ƙungiyoyi 20 da ke gasar Firimiyar ƙasar nan. Albashin koci, kuɗin sa hannun 'yan wasa, man motar da ke kai su Aba ko Fatakwal, gyaran filin wasa na Muhammadu Dikko, duk daga asusun da ake gina aji da rijiyar burtsatse suke fitowa. Manomin gero a Ruma da bai taɓa taka filin nan ba yana da kaso a ƙungiyar daidai da na wanda ke zama a rumfar manyan baƙi. Idan aka sallami koci kafin wa'adinsa, ko dai a biya shi ragowar haƙƙinsa, wato jama'a sun biya mutum biyu kuɗin aiki ɗaya, ko a hana shi, wato an ɗora wa jiha bashi da ɓacin suna. Ko wanne ne ya faru, kuɗin mutanen ƙananan hukumomi 34 ne, kuma ba a kashe kuɗin mutane a ce musu ba ruwansu.

Mun san amsar da za a ba mu: ai ƙwallo sakamako ne, wanda bai ci wasa ba sai ya tafi. Akwai gaskiya a ciki. Gasar da ake wasa 38, huɗu na ƙasa su faɗi, ba wurin lallashi ba ce, kuma akwai lokacin da 'yan wasa kan daina jin maganar mai horar da su, babu magani sai canji. Akwai kuma kocin da shi ne ke tattara kayansa don ya hango inda ya fi maiƙo. Amma wannan amsa ba ta bayyana yadda mutanen da suka kawo sakamako mafi girma su ne ba su daɗe ba. Kuma idan aka jera sunayen da suka ratsa wannan benci, Nikyu, Biffo, Henry Makinwa, Azeez Mohammed, Abdallah, Bolus, sai a ga cewa yawancinsu sanannun masu horarwa ne da wasu ƙungiyoyin gasar suka ɗauka aiki kafin nan ko bayan nan. Da wuya a ce dukansu ne ba su iya ba.

Abin da kowa ya sani game da ƙungiyoyin gwamnati a ƙasar nan shi ne, kujerar koci tana rataye ne a jikin kujerar shugaban hukumar gudanarwa, ita kuma tana rataye a jikin gidan gwamnati. Sabon gwamna kan zo da sabuwar hukuma, sabuwar hukuma kuma kan so nata mutum. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka rantsar da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, ya gaji Aminu Bello Masari. Hawan ƙungiyar da tafiyar kocinta duk a watannin da suka biyo baya suka faru. Mai goyon bayan da ya haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya, ko ya yi daidai ko ya yi kuskure, da abin da ya gani ya yi aiki. Hanyar kashe irin wannan zato ɗaya ce, a riƙa faɗin dalili a fili tun ranar da aka rabu.

Ɓarnar da ta fi damun mu ba a teburin gasa ake ganinta ba. Duk manomi a yankin nan ya san cewa wanda aka ba aron gona na damina ɗaya ba ya kai mata taki, ba ya dasa bishiya. Abin da zai girba bana kawai yake nema. Kocin da ya san cewa rashin nasara uku a jere na iya raba shi da aikinsa haka yake. Zai zo da 'yan wasan da ya sani daga ƙungiyar da ya baro, waɗanda suka ga jiya suka ga yau, ya cika tawaga da su. In ya tafi, su bi shi, magajinsa ya zo da nasa, a sake biyan kuɗin sa hannu. A cikin wannan shiga da fita, wanda ba shi da wuri shi ne yaro ɗan shekara 17 da ke buga wasa a filin makarantar sakandare a Safana, wanda yake buƙatar kaka biyu ta haƙuri kafin ya nuna abin da zai iya. Babu kocin da zai sa wuyansa saboda shi, kuma ba ma zarginsa.

Yaron nan tun farko ma a baya yake tashi. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kuma abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin ba sai mun maimaita wa masu karatunmu ba. Kisan da aka yi a Tsauwa da Ɗankar a Fabrairun 2020 kaɗai ya isa tuni. A Satumban 2021 ƙananan hukumomin biyu na cikin 13 da aka katse wa layukan waya, har sakamakon wasa ma sai a rediyo. Mai farautar 'yan wasa ba zai kama hanyar da yake tsoro don ya kalli gasar unguwa ba. Ita kanta ƙungiyar ta ɗanɗana wannan masifa, domin a farkon 2019 masu garkuwa da mutane sun sace kocinta Abdullahi Biffo kafin Allah ya kuɓutar da shi. Saboda haka idan ba a tsara da gangan yadda za a riƙa ganin yaran yammacin jihar ba, ko da ta hanyar kawo su Dutsin-Ma ko Katsina ne a gwada su, ba za a taɓa ganinsu ba. Irin wannan tsari kuwa sai wanda yake da tabbacin zai kai baɗi ne ke fara shi.

Kada a ce wannan mafarkin Turai ne. Rivers United ta gwamnati ce kamar tamu. Ta riƙe Stanley Eguma shekara da shekaru, har da kakannin da ba su yi daɗi ba, kuma a 2022, shekarar da Katsina United ta faɗi, ita ta ɗauki kofi. Remo Stars ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, amma darasin ɗaya ne: ta bar Daniel Ogunmodede ya yi ta zuwa na biyu ba ta kore shi ba, ta kafa makarantar renon yara a gefe, a 2025 ta ci gasar karo na farko a tarihinta. Masu goyon bayan Manchester United a gidajen kallonmu kuma ba su buƙatar a yi musu bayanin abin da ke biyo bayan sauya hannu akai-akai. Tun da Alex Ferguson ya ajiye a 2013 suke ƙirga sunaye, abokan adawa na yi musu dariya.

Abin da muke nema ba mai tsada ba ne. Duk ranar da za a gabatar da sabon koci, a faɗa wa jama'a tsawon kwantiraginsa da abin da aka ɗora masa, kuma kada ya gaza kaka biyu, sai in ya aikata abin da aka rubuta tun farko cewa zai jawo sallama. A faɗi mutanen da suka zauna suka zaɓe shi da ma'aunin da suka bi: lasisinsa na horarwa, ƙungiyoyin da ya riƙe, yaran da suka fito ta hannunsa. A cikin waɗanda za su zauna ɗin a samu tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa na jihar nan, waɗanda suka san bambancin mai tsaron baya da mai tsaron gida, domin an sha ganin kujerun hukumomin wasanni sun zama ladan wahalar kamfe. A kuma rubuta a cikin takardar aikin kocin cewa kowace kaka zai ɗauko wani adadi na yara daga gasannin ƙananan hukumomi zuwa ƙaramar tawaga, a auna shi da wannan kamar yadda ake auna shi da maki. Idan rabuwa ta zo, a faɗi dalilinta da abin da aka biya. Gajeriyar sanarwar da aka saba ji a gasarmu, ta godiya da fatan alheri a aikinsa na gaba, ladabi ce mai kyau, amma ba bayani ba ce.

Su ma 'yan jarida, har da mu, akwai namu. Shirye-shiryen wasanni a rediyo da shafukan Facebook sun fi son su riga kowa faɗin sunan magaji, ko da daga bakin dillalin da ke tallata mutuminsa aka ji. Sau da yawa jita-jitar ba daga sama take faɗowa ba. Wani ne ke hura ta don a kira nasa, ko don a tsorata wanda ke kan kujera. Wakilin da ya yaɗa ta bai tambayi wanda zai amfana ba ya yi wa dillali aiki kyauta. Tambayar da ta fi amfani a taron gabatar da koci ita ce wadda ake yi wa shugaban hukuma: shekara nawa kuka ba shi, kuma me zai sa ku sallame shi?

Akwai wurin da ya fi taron manema labarai ƙarfi. Kowace shekara jami'an ma'aikatar da ke kula da wasanni kan bayyana gaban kwamitin Majalisar Dokokin Jiha don kare kasafinsu. Batsari na da ɗan majalisa a zauren, Safana ma na da nata. A zaman kasafi mai zuwa, muna son ɗayansu ya miƙe ya nemi a ajiye a gaban kwamiti jerin masu horarwar da Katsina United ta ɗauka tun daga 2016, da wa'adin da aka rubuta wa kowannensu, da watannin da ya yi a zahiri, da abin da aka biya shi ranar da ya tafi.