Sharhi: Kalma Mai Gaɓa Biyar a Takardar Alhaji

Duk maniyyacin da ya doshi ƙasa mai tsarki a yau, sai ya nuna shaidar allurar da takardun hukuma ke kira da sifar nan ta Turanci, wato meningococcal. Sau da yawa mai karanta labarai kan yi tuntuɓe a kanta, ko ya haɗiye rabinta ya wuce. A ganina wannan sakaci ne.

Kalmar ba dodo ba ce. Gaɓoɓinta biyar ne: me-nin-go-ko-kal, ana kuma ɗora nauyin murya a kan ta huɗu. Babu gaɓar da ta saɓa wa tsarin Hausa na baƙi da wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Tushenta daga Girkanci yake. Kashin farko na nufin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, na biyu kuma ƙwaya, saboda ƙwayar cutar kewayayya ce. Wanda ya rarraba kalmar ya riga ya fassara ta.

Wasu za su ce ai muna da "sanƙarau". Gaskiya ne, kuma da ita ya kamata a fara. To amma sanƙarau iri-iri ne, sifar kuwa ita ke fayyace ƙwayar da kan haddasa annoba a cikin cunkoso. Idan dai ba a manta ba, cutar ta ɓarke a aikin hajjin 1987, abin da ya sa Saudiyya ta wajabta rigakafi. A 1996 ta hallaka mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, har aka hana alhazan ƙasar zuwa hajji. Bayan ɓullar nau'in W135 a shekara ta 2000, aka koma ga allurar da ta haɗa A, C, W da Y, wadda ake yi aƙalla kwana 10 kafin isa.

Saboda haka, mai sauraro ko a Fagge yake ko a Harra ta Yamma a birnin Madina, haƙƙinsa ne ya ji sunan daidai, domin kada ɗan'uwansa ya ɗauka allurar shawara ta wadatar. A faɗi Hausar, a bi ta da kalmar gaɓa-gaɓa. Rigakafi dai ya fi magani, amma sai an san sunansa kafin a nema.