Gargaɗi: Kwana 21 Muka Bayar A Auna Haɗarin Walƙiyar Lantarki

Zuwa ga Manajan Darakta da shugabannin kamfani,

Kwamitin zartarwa na reshen ƙungiyarmu ta ma'aikatan lantarki ya zauna, kuma ya umarce ni in isar muku da wannan saƙo a rubuce, tunda na baka ya sha faɗuwa ƙasa babu mai tsinta.

A daminar da ta wuce, wani ɗan uwanmu ya buɗe akwatin fiyus na wata taransfoma domin ya duba layin da ya ɗauke. Hannunsa bai taɓa waya ba. Akwatin ne ya yi bindiga a fuskarsa, rigar aikin da kuka raba mana mai yadin roba ta narke ta manne masa a ƙirji. Da rahoto ya fito, sai aka rubuta wai sakaci ne na ma'aikaci. Wasu kuma suka ce ƙaddara. Mu ma mun yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta ɗaure fiyus ɗin nan da wayar jan ƙarfe ba.

Ranka ya daɗe, haɗarin lantarki iri biyu ne, kamfani kuwa ɗaya kawai yake kallo. Akwai wuta ta ja mutum, wanda safar hannu ta roba da takalmi ke ragewa. Akwai kuma walƙiyar lantarki, wato wuta ta tsallaka ta cikin iska daga waya zuwa waya ko zuwa ƙarfen akwati. Zafinta kan kai digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyos, ninki uku da wani abu na zafin doron rana. Jan ƙarfen da ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 67,000, shi ya sa murfin akwati ke tashi sama, dodon kunne ya fashe, narkakken ƙarfe ya watsu a jiki. Kuma ba sai an yi babban kuskure ba. Sufana ta kuɓuce, ƙurar hunturu ta taru ta sha laima, ɓera ko ƙadangare ya shiga tsakanin wayoyi, shi ke nan.

Wannan haɗari aunawa ake yi, kuma duniya ta daɗe da sanin yadda ake lissafinsa. Tun 1982 injiniya Ralph Lee na Amurka ya yi rubutu a kan ƙunar da walƙiyar nan ke yi. Ƙa'idar IEEE 1584 ta fito a 2002, aka sabunta ta a 2018, kuma ta ƙunshi kayan aiki daga bolt 208 zuwa 15,000, wato akwatunanmu na 415 da fidojin 11,000 duk suna ciki. Abin da ake dubawa shi ne ƙarfin wutar da za ta kwararo idan layi ya haɗu, da tsawon lokacin da na'urar kariya za ta ɗauka kafin ta yanke, da tazarar da ke tsakanin ma'aikaci da wurin. Maganar lokaci ce ta fi damun mu. Idan na'urar yankewa ta tsufa tana jinkiri, ko an tsallake ta don kada fida ta riƙa faɗuwa, zafin da zai sauka a jikin mutum ƙaruwa yake yi daidai da jinkirin. Kalori 1.2 a kan murabba'in santimita ɗaya ya isa ya tayar da bororo a fata. Tufafin kariya ma hawa-hawa ne a ƙa'idar NFPA 70E, daga na kalori 4 zuwa 8 zuwa 25 zuwa 40. To wanne za mu sa, alhali babu akwati ko ɗaya a shiyyar nan da aka manna wa takardar da ke nuna adadinsa?

Don haka muna neman kamfani ya ɗauko ƙwararrun injiniyoyi su auna kowace tashar rarraba wuta da kowane akwati, da wakilan ƙungiya a cikin tawagar, a manna sakamakon a jikin ƙofa da Hausa da Turanci, a kuma sake awon duk lokacin da aka canza taransfoma, ko aƙalla duk shekara biyar. A gwada na'urorin yankewa, a cire duk wayar da aka ɗaura a madadin fiyus. A janye rigunan roba, a kawo tufafi da garkuwar fuska da suka dace da awon. Ma'aikatan wucin gadi da na 'yan kwangila su ma a haɗa da su, domin wuta ba ta duba takardar ɗaukar aiki. Ɗan uwanmu da ke jinya kuwa a soke kalmar sakaci daga fayil ɗinsa, a miƙa batunsa ga asusun diyyar ma'aikata na NSITF kamar yadda Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanada.

Mun san za a ce babu kuɗi. Kamfanin da ke tura mu yanke layin mai bashi da sassafe bai rasa kuɗin man mota ba.

Mun ba da kwana 21 daga ranar da wannan takarda ta shiga ofishinku, a kira mu zama, a sa hannu a kan jadawalin aiki mai ranaku. Idan wa'adin ya cika babu amsa, babu ɗan ƙungiyar da zai sake buɗe akwati ko ya kusanci layi mai wuta sai an kashe shi, an kulle, an gwada, an ɗaura masa wayar ƙasa, ko da unguwa za ta kwana a duhu. Daga nan kuma mu kai ƙara gaban hukumomin lantarki na NERC da NEMSA da Ma'aikatar Ƙwadago, sannan babban taron reshe ya yanke shawara a kan ajiye aiki bisa tanadin doka.

'Yan uwa ma'aikata, duk wanda wani shugaba ya matsa wa lamba ya yi aiki a kan wuta, ya sanar da wakilin ƙungiya na sashensa nan take. Lissafin kwanaki zai fara da zarar takardar nan ta shiga ofishinsu.

Sakataren Reshe,
a madadin Kwamitin Zartarwa