Duniyar Kimiyya: Dutsen Awo A Sararin Samaniya

In gardama ta tashi a kan sikeli, ba a neman shaidar mai sikelin. Dutsen awo akan ɗauko, wanda aka riga aka san nauyinsa, a ɗora. In allura ta nuna daidai, shi ke nan. In ta kauce, sai gyara. To, masana kimiyya na Amurka sun ajiye irin wannan dutse a sararin samaniya domin gwada na'urorinsu na rada.

Ita rada aikinta shi ne ta aika da igiyar rediyo sama, in ta bugi wani abu ta dawo kamar amsa-kuwwa. Daga jinkirin dawowarta ake sanin nisan abin, daga ƙarfinta kuma ake kimanta girmansa. Amma na'ura takan tsufa, awonta ya kauce ba tare da masu ita sun farga ba. Saboda haka tilas a sami wani abu a can sama wanda babu tababa a kan girmansa.

Ran 6 ga Mayu, 1965, aka harba wani ƙwallo mai suna LCS-1 daga jihar Fulorida, bisa tsarin cibiyar bincike ta Lincoln ta jami'ar MIT. Holoƙo ne na ƙarfen sanholo, faɗinsa mita 1 da santimita 12, nauyinsa kimanin kilo 34. Ba shi da batir, ba shi da rediyo, balle inji. Yana ta kewaya duniya a nisan kilomita 2,700 da 'yan kai.

Hikimar tana ga siffarsa. Tauraron ɗan Adam mai fukafukai in ya juya, abin da yake mayarwa sai ya sauya. Shi kuwa ƙwallo, ko ta wace fuska aka haska shi, amsarsa ɗaya ce. In rada ta ga ya ƙaru ko ya ragu, to, laifin nata ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan masana ne. A Fabrairun 2009 taurarin ɗan Adam biyu, Iridium 33 na Amurka da Kosmos 2251 na Rasha, suka yi karo a saman Saiberiya, suka bar tarkace fiye da 2,000 da ake bin sawunsu. Da rada ake sa ido a kan yawancin irin wannan tarkace, kuma da awonta ake gargaɗin masu taurarin sadarwa da na duba yanayi su kauce. Awo in ya gurɓace, gargaɗi ya gurɓace.

An harba ƙanensa, LCS-4, a 1971. Shi kuwa LCS-1, a inda yake iska ba ta da kaurin da za ta ja shi ƙasa, don haka ana sa ran zai yi dubban shekaru. Taurarin da aka harba a zamaninsa ɗauke da na'urori yawancinsu sun yi shiru tuntuni, shi kuwa da yake ba shi da abin da zai lalace, har yau ana gwada rada da shi.