Idan Muryar Yaro Ta Dishe Ta Ƙi Dawowa

Uwargida, idan muryar ɗanki ta dishe har mako uku, ko numfashinsa na fita da ƙara kamar fito, kada ki tsaya ga zuma da lemun tsami. Akwai wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba, wadda ƙananan tsiro ke fitowa a maƙogwaron yaro har su toshe hanyar iska. Sau da yawa ana ɗaukar ta a matsayin asma, a yi ta shan magani ba sauƙi.

Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, nau'i na 6 da na 11, kuma yawanci jariri na ɗaukarta lokacin haihuwa. Likitoci na cire tsiron ta hanyar tiyata, amma yakan sake fitowa. Bincike ya nuna maganin bevacizumab yana rage yawan tiyatar ga wasu yaran da abin ya tsananta.

Babban albishir shi ne rigakafi. A Ostireliya, bayan fara allurar HPV a 2007, cutar ta ragu ƙwarai a tsakanin yara. Najeriya ta fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura kyauta a Oktoban 2023, har da Bauchi.

Ki tambaya a asibitin Ƙofar Ran domin 'yarki. Mai dishewar murya kuwa, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Allah Ya raya mana su.