Cinikin Biri a Sama

Wani wa'azi ya yi kasuwa a tsakanin 'yan boko: wai kwanan mai shagon kayan babur ya ƙare, tunda Jumia da Jiji sun shigo cikin waya. Masu wannan magana ba su taɓa tura mataccen babur tsakanin Wanke da Gusau ba.

Ɗan kabu-kabun da sarƙarsa ta tsinke da hantsi, burinsa ya koma kan titi kafin azahar, domin mai babur na jiran balas da yamma, ko an yi aiki ko ba a yi ba. A shago zai ɗauki sabuwar sarƙa, ya gwada ta da tsohuwar, bakanike ya ɗaura masa nan take. Idan kuɗi suka gaza, a rubuta a littafi zuwa ranar kasuwa. Idan ta fito jabu, ya san ƙofar da zai nufa. Wace manhaja ce ke ba mutum bashi saboda ta san mahaifinsa?

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an datse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Tsawon makonni kasuwar intanet ta mutu murus, alhali ƙofar shago mabuɗi kawai take buƙata.

Amma masu shago su ji tsoron Allah. A hanyar da lalacewa a daji ka iya jefa mutum hannun masu garkuwa, sayar da jabun taya a kuɗin mai kyau cin amana ne. Amanar nan ce kaɗai jarin da waya ba ta da shi. Duk wanda ya karyar da ita, da hannunsa ya miƙa wa intanet kasuwarsa.