Hasumiya, Ladan da Shato a Kwarin Komadugu

Kalmar hasumiya ta zauna a Hausa har ba a jin baƙuntarta, alhali ararriya ce. Tushenta shi ne sauma'a na Larabci, wadda da farko take nufin ɗakin kaɗaitar mai bauta, kuma da wannan ma'ana jam'inta ya zo a Suratul Hajji. Mutanen Magrib ne suka riƙe ta a matsayin sunan dogon ginin masallaci, shi ya sa har yau da ita ake kiran hasumiyar Hassan da ke Rabat. Misirawa sun fi cewa mi'izana, wato wurin kiran salla, Turkawa kuma suka riƙe manara, wadda Faransanci da Ingilishi suka ara daga bakinsu. Cikin ukun nan Hausa ta ɗauki ta Magrib, kuma zaɓin ya dace da tarihi. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ana danganta ta da zamanin al-Maghili, malamin Tilimsan da ya zo ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15, ita kuwa ta Agadas mai tsawon mita 27 tana kan hanyar ayarin Sahara.

Ƙirar kalmar ma tana ba da shaida. Al- ɗin Larabci yakan nashe cikin baƙin da ke biye da shi, Hausa kuma ta ari kalmar da shi gaba ɗaya, kamar yadda ya faru a asuba, azumi da Asabar, inda sunayen Azumi da Asabe suka fito. Assauma'a ta bi wannan layi. Sautin h na farkonta bai kamata ya ba da mamaki ba ga wanda ya san haifa da aifa, ko hanta da anta, a kare-karen Hausa.

Sunan mutum da ya fi kusa da hasumiya a ƙasar Hausa da Barno shi ne Ladan. Saiwarsa ɗaya da mi'izana da azan, wato sunan ya fito daga kiran da ake yi a kan ginin. Tun asali ma kiran ya girmi ginin, domin Bilal daga kan rufin wani gida yake yi a Madina. Sunaye irin su Nura, Munira da Manar suna raba saiwa da manara, wurin haske. A wajen duniyar Musulmi akwai Magadaliya, mutuniyar Magadala a bakin Tekun Galili, garin da sunansa ke nufin hasumiya a Aramiyanci, daga nan Faransawa suka sami Madeleine. Torres na Sifaniya da Latour na Faransa sunayen dangi ne masu ma'anar hasumiya kai tsaye. Amma Ture, sunan Samori da Seku, na mutanen Mande ne, ba abin da ya haɗa shi da tour na Faransanci sai kamar sauti, kuma kama da wane ba ta wane. Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci shi ya fi saurin faɗawa wannan tarko.

Ladan ne ke kawo maganar gida, zuwa kwarin Komadugu. A 1960 Joseph Greenberg ya buga maƙalarsa a kan tasirin Barebari ga Hausawa, inda ya nuna cewa karatu, rubutu da kasuwa ta bakin Kanuri suka shigo, kuma kasuwa ita ce suƙ ta Larabci da Kanuri ya yi wa ɗafa-goshi ta zama kasugu. Kanuri yakan yar da wasalin al- ya bar l kawai: Alhamis ta zama Lamisu, Al'amin ya zama Laminu, kamar a sunan Shehu Laminu na Kukawa. Ladan da liman suna da wannan siffa, hasumiya ba ta da ita. Idan haka ne, mai yiwuwa ginin da mai hawansa ta ƙofofi daban-daban suka shigo Hausa, ɗaya ta arewa, ɗaya ta gabas. Wannan hasashe ne mai daɗin ji, sai dai bai isa hujja ba tukuna, saboda Larabcin Magrib da harsunan Abzinawa su ma sukan bar l a farkon ararrun kalmomi. An daɗe ana maimaita Greenberg a rubuce-rubucen ɗalibai tamkar ya rufe ƙofa, alhali kowace kalma tana bukatar a bi sawunta ita kaɗai.

Babu wurin da ya fi dacewa da wannan bincike kamar Diffa. A ƙetaren kogin, kusa da Gaidam, kangon Birnin Gazargamu yake, babban birnin Barno da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, aka ci shi da yaƙi a 1808. Ibn Furtu ya rubuta cewa Mai Idris Aloma ya maye gurbin masallatan ciyawa da ginannu. Zuriyar mutanen wannan daula suna nan a kwarin, Mangawa da Mobar, suna cin kasuwa ɗaya da Larabawa makiyaya, Tubawa, Fulani da Hausawa. Sunan kogin kansa darasi ne, tunda komadugu a Kanuri kogi yake nufi, mai cewa kogin Komadugu ya faɗi abu ɗaya sau biyu. Abin da ake bukata ba shi da wuya: a tambayi dattawan kowace al'umma yadda suke kiran hasumiya, soron ƙofar gari, ganuwa da mai kiran salla, a naɗi furucin da karin sautinsa, a rubuta ƙauyen mai magana da shekarunsa. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, tana tsakiyar filin.

Lokaci kuwa ba ya jira. Tun hare-haren watan Fabrairu na 2015 a Bosso da Diffa, ƙauyuka da yawa na bakin kogi sun watse, mutanensu suna zaune a gefen babbar hanya da unguwannin gari, inda yara ke tashi da Hausa da Kanurin cakuɗe. Dattijon da ya san kalmar ƙauyensu yana raye, amma ƙauyen da zai tabbatar da ita ya rabu kashi-kashi, kuma taswirar kare-karen harshe tana bukatar a san daga ina kowane furuci ya fito.

Sababbin dogayen gine-gine ma suna samun suna a idon kowa, ba mai rubutawa. Tankin ruwa mai ƙafafu a Nijar shato ne, daga château d'eau, inda château ita kaɗai a Faransanci take nufin fadar mai sarauta, ta zo nan ta zama ma'ajiyar ruwa, sannan ta zama sunan unguwa a Yamai da Diffa. Dogon ƙarfen kamfanonin waya kuwa, mai aro daga Faransanci a wannan gaɓar kogi da mai aro daga Ingilishi a Damasak ba lalle su kira shi da suna ɗaya ba, ko da ƴan uwa ne na jini. Yadda shato ta sauya ma'ana cikin ƙarni guda, haka sauma'a ta tashi daga ɗakin mai bauta zuwa hasumiya, da bambancin cewa masu ba da shaidar shato suna nan da rai a Diffa, ana iya zama da su gobe da safe.